Jan babur a bayan ƙaramar mota: amsa ga mai neman 'yar tirela

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ina zaune a Kano, amma aikina a rugage da ƙauyuka yake. Ina da Corolla 'yar Amurka ƙirar 2006 da babur Boxer. So nake in riƙa jan babur ɗin a bayan mota har inda kwalta ta ƙare, in ajiye motar in shiga daji da shi, musamman da damina. Wace irin tirela ta dace, ta waje ko in sa a ƙera mini? Yaya ake haɗa ta da mota, kuma wace kulawa take buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba da ladan wannan zirga-zirga, don duk wanda ya san matsayin saniya a gidan makiyayi ya san aikinka ba ƙarami ba ne. Ni sana'ata walda ce da ƙirar bodi, kuma ƙananan tireloli sun sha biyowa ta hannuna. Waɗansu ni na ƙera su, waɗansu kuwa jawo mini su aka yi bayan sun yi ɓarna a hanya.

Da sau biyu ko uku a shekara kake wannan tafiya, da sai in ce ka riƙe kuɗinka, ka ɗauki shatar a-kori-kura ranar da buƙata ta taso. Amma mai fita kowane mako zai fanshe kuɗinsa, kuma zai huta da dogon gudu a kan babur tsakanin manyan motoci.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, mai sayen tirela idonsa yana kan kaurin ƙarfe da kyawun fenti, alhali ba ta nan take cutar mutum ba. Duk wadda aka kawo mini bayan ta yi ɓarna, sai in tarar a mahaɗa matsalar take: inda tirela ta kama mota, ko inda taya ta kama aksul, ko inda babur ya kama tirela. Kayan waɗannan wurare su ne mafiya araha a jikinta, su ne kuma aka fi yi wa rowa.

Mu fara da nauyi. Boxer da mai a tankinsa yana tsakanin kilo 110 da 125, ya danganta da girman injinsa. Tirelar babur ɗaya da aka ƙera da lissafi ba ta da dalilin wuce kilo 150. Ka ƙara safaya da jak da jarkar mai da akwatin magungunanka, mu ce kilo 50. Ka ga duka-duka wajen kilo 320 ke nan. Littafin Corolla 'yar Amurka ta waɗannan shekaru ya sa iyakar abin da za ta ja a fam 1,500, wato kimanin kilo 680, saboda haka kana ƙasa da rabi, kuma nan ne wurin zama mai kyau. Ka buɗe littafin motarka ka gani da idonka. Wanda tasa 'yar Turai ce, akwai ɗan faranti a jikin ƙofa ko cikin bonet mai jerin lambobin nauyi. Ta farko nauyin mota ne da cikakken lodi, ta biyu nauyin mota da tirela a haɗe, in ya ɗebe ta farko daga ta biyu ya sami abin da aka yarje masa.

Dalilin da ya sa nake son ka zauna ƙasa da rabi, irin wannan tirela ba ta da birki. Birkin Corolla ne zai tsayar da mota da tirela da babur gaba ɗaya. A Turai doka ba ta yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, a Ingila kuma suka ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Wannan ma'auni ne mai hankali ko a ina mutum yake. Kuma na san halinmu: ranar da za ka dawo daga ƙauye lokacin kaka, za a ce ga wuri nan a gefen babur, a ɗora buhu uku na masara. Buhu uku sun ninka lodinka. Ka iya cewa a'a tun yanzu.

To, ta waje ko ta gida? 'Yan Kwatano suna da abin yabo. Ba su da nauyi, yawancinsu an tsoma ƙarfensu a sinadarin hana tsatsa, kuma bakin da ke kama ƙwallon mota, wato dunƙulen ƙarfen da ake kafawa a bayan mota don jan tirela, na kamfani ne. Inda suke ba ni tsoro shi ne ƙafa. Da yawansu suna zuwa da 'yan tayu masu rim inci 8 ko 10, don a kan titi mai santsi aka yi nufin su yi aiki. Taya mai rim inci 8 tana juyawa kusan sau 770 a kilomita ɗaya, ta mota mai rim inci 13 kuwa wajen sau 550. Juyi ya fi yawa, zafi ya fi yawa, boris ya fi wahala, ga shi ramin da babbar taya za ta haye, ƙaramar faɗawa take yi ciki. Sannan ranar da ta fashe maka a Sumaila ko Tudun Wada, wane mai faci ne zai fito maka da irinta? Waɗansu kuma ba su da sifirin, roba ce aka cusa cikin aksul ɗin take yin aikinsa. Tana da laushi tana da daɗi, amma in ta mutu babu gyara sai sabon aksul.

Idan ka ci karo da 'yar waje mai rim inci 13 wadda wuyanta bai lanƙwashe ba, ka saya. Kafin ka biya, ka ɗaga kowace ƙafa da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ka juya ta ka kasa kunne. Ƙugi ko ƙaras-ƙaras, boris ne. Ka duba cin taya: in gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, aksul ya karkace. Ka durƙusa ka leƙa inda wuya ya haɗu da jiki, don nan ake ɓoye tsagewa da sabon fenti.

Ni dai ga mai aiki irin naka ta gida na fi so, da sharaɗin za ka tsaya a kan aikin. Hujjata ɗaya ce, a ƙera ta da kayan da ake samu a kowane gari. A Kofar Ruwa za ka sami ƙafar baya ta tsohuwar Golf, wadda ake ɗaure ta da noti huɗu, boris ɗinta kuma irin wanda ake kwancewa a wanke a sa giris ne, babu tashar da za ka rasa shi. Ko kuma ka sayi ƙafar baya ta irin Corollarka, sai rim ɗin tirela da na mota su zama ɗaya, safaya ɗaya ta ishe su. Boris ɗin Corollar a rufe yake, ba a sa masa giris, ya fi jure ƙura da ruwa, amma ranar da ya fara ƙugi sai dai a sauya shi ɗungurungum. Kowanne ka ɗauka ya yi.

Ga abin da za ka gaya wa mai walda. Firam ɗin a yi shi da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 50, kaurin bangonsa milimita 3. Tsawon shimfiɗa ya ɗan haura mita biyu, tunda babur ɗin kansa kusan mita biyu ne. Wuyan kada a manna shi a goshin firam kawai. A yi shi ƙarfe biyu da suka haɗu a gaba suka buɗe a baya, su shige ƙarƙashin firam har kusa da inda sifirin ya fara. A tsakiya a shimfiɗa kwararon ƙarfe wanda tayun babur za su zauna a ciki, a gabansa a yi wani maƙali da tayar gaba za ta shiga ta tokare. Zobban ɗaure bel kuwa a jikin firam za a yi waldarsu, ba a jikin falange ba, kuma na gaba su kasance gaba da tayar babur, a buɗe hagu da dama iyakar faɗin tirelar.

Sifirin ma akwai magana. Yawancinmu muna ɗauko na akori-kura ko na bas mu ɗaura, muna ganin ƙarfi ne. Sifirin da aka yi don tan ɗaya ba ya ko motsi a ƙarƙashin kilo 320, sai tirelar ta zama kamar amalanke, tana tsalle a kan gargada, duk dukan yana ƙarewa a jikin babur da bel da walda. Ganye biyu ko uku sun isa. Ka hau kanta ka yi tsalle, in ba ta lotsa ta dawo ba, a rage ganye. In da hali a ƙara mata shakazoba.

Yanzu ga wurin da nake roƙonka kada ka yi gaggawa, wato inda aksul zai zauna. Kada a yi masa walda sai an ɗora babur an auna. Ƙa'idar ita ce nauyi ya ɗan rinjaya gaba, wuyan tirela ya danna ƙwallon mota. Turawan Turai sukan nemi kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirela a kan ƙwallo, Amurkawa kuma kashi 10 zuwa 15. Ga lodinka, ka nemi kilo 25 zuwa 35. Aunawar ba wuya: ka ari sikelin da ake auna mutum ko na 'yan hatsi, ka tsayar da guntun katako a kansa, ka ɗora bakin tirelar a kan katakon daidai tsayin ƙwallon motarka, ka karanta. In bai kai ba a ja aksul baya kaɗan, in ya yi yawa a turo shi gaba.

Me ya sa na dage a nan? Tirelar da nauyinta ya koma baya tana tafiya lafiya lau a gudun 40 da 50, har mutum ya saki jiki. Da ka kai 70 ko 80, ko wata babbar mota ta wuce ka iskarta ta buge ka, sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta fara jan bayan motar. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane yadda ƙaramar aba take juya mota ba. In kuwa nauyin gaba ya yi yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilunka suna haska sama. Kafin a ƙone waldar kuma, a ɗauki zare a auna daga bakin tirela zuwa ƙarshen aksul na hagu, a auna na dama. Dole su zo daidai, in ba haka ba za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa tana cin taya.

Sai ɓangaren mota. Corolla ba ta da shasi irin na Hilux, jikinta ne ƙashinta. Ƙarfen ja dole a ɗaure shi a ƙarfafan layukan nan biyu da ke ƙarƙashin but, da noti masu lamba 8.8 a kansu ko sama da haka. Ba a jikin bamba ba, ba a ƙugiyar da ake jan mota in ta lalace ba, ba kuma a kwanon safaya ba. In ka sami na kamfani wanda aka yi don wannan ƙirar, ya fi. Tsakiyar ƙwallon, idan mota tana da lodi, ya kasance tsakanin santimita 35 da 42 daga ƙasa, yadda tirelar za ta kwanta daidai ba ta ɗaga kai ba ba ta sunkuya ba.

Ƙwallon kansa da bakin da ke haɗiye shi, waɗannan biyun kada a ƙera maka su a gareji ko da ni ne. Ka sayi na kamfani. Kuma ka lura da wani tarko da ya same mu saboda motocinmu daga nahiya biyu suke zuwa. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas, wato milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. An taɓa jawo mini wata tirela 'yar Turai da wuyanta ya naɗe kamar an murɗa rake. Mai ita ya haɗa bakin milimita 50 da ƙaramin ƙwallon Amurka, ya yi wata biyu yana tafiya, sai ɗan ƙwal-ƙwal da yake ji a baya yana cewa halin tirela ne. Ranar da ya hau tudun rage gudu a bakin wata kasuwa, bakin ya yi tsalle ya fita, wuyan ya caki kwalta. Allah ya kiyaye babu kowa a gefen. Da na ɗauko ƙwallon na goge giris ɗin da ke samansa da babban yatsa, ga lambar nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Ka goge naka ka karanta, ka karanta ta jikin bakin, su zama iri ɗaya. Bayan ka kulle, ka sa hannu biyu ka ɗaga wuyan da ƙarfi. In ya kama, bayan motar ne zai ɗago tare da shi. Sannan ka zura kusa ko kwaɗo a hannun makullin.

Ka sa sarƙa biyu daga wuyan tirela zuwa ƙarfen ja, ka gicciya su a ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta tafi dama, ta dama ta tafi hagu. In bakin ya fita, wuyan zai faɗa a kan gicciyen maimakon ya caki ƙasa. Tsawonsu ya isa a sha kwana, amma kada su ja ƙasa.

Wuta ba ta da wahala. Tirela tana buƙatar danja, fitilar birki, sigina hagu da dama, da abin ƙyalli ja a baya da gefe. Soket ɗin Amurka mai baki huɗu yana haɗa birki da sigina a waya ɗaya, na Turai mai baki bakwai yana raba su. Tunda siginar bayan motarka dabam take da fitilar birki, mai baki bakwai zai fi maka sauƙi. Ka sa fitilun LED, ba sa jan wuta sosai kuma girgiza ba ta kashe su. Abu ɗaya da za ka nace wa mai wayarin: ya ja wayar negatif tata ta kanta daga mota har jikin kowace fitila. In ya bari wutar ta bi ta ƙwallo, za ka ga sigina tana kunna danja, birki yana kashe sigina. Wayoyin a zura su cikin tiyo a bi da su ta cikin firam, saboda ciyawa da kututture.

Takardu kuwa, kafin ka kashe ko sisi ka je ofishin VIO da na lasin ka ji abin da suke nema game da lamba. Kuma kullum ka riƙe rasit da takardun babur ɗin da katin aikinka a jikinka. Babur a ɗaure a bayan mota yana jawo tambaya a kowane shinge, ga shi akwai yankunan da aka taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, sai ka bincika halin da wurin da za ka yake ciki kafin ka kama hanya.

Wajen ɗora babur, tirela ta kasance a haɗe da mota, an ja birkin hannu, a wuri mai daidai. In ba a haɗe take ba, da tayar gaba ta hau sai wuyan ya ɗaga sama. Ƙarfen hawan ya yi tsawo, kamar ninki uku ko huɗu na tsayin tirelar daga ƙasa, ya kasance yana da kunne da zai maƙale, don kada ya zame babur yana tsaka da hawa. Turawa za ka yi, kana gefen hagu, yatsunka a kan birkin gaba, wani yana tura maka ta baya. Kada ka hau shi ka ba shi wuta.

Ɗauri. Na san robar tiyub ita ce igiyar kowa, da ita ake ɗaure duniya a bayan babur, amma ba a nan ba. Roba tana miƙewa, babur ya sami wurin rawa. Ka sayi bel huɗu masu ƙarfen tamkewa, irin waɗanda ake dannawa suna ƙara matsewa, masu faɗin inci ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka duba takardar da aka ɗinke a jikinsu. Akwai nauyin aiki, akwai nauyin tsinkewa, kuma na aikin yakan zama kashi ɗaya cikin uku na na tsinkewar. Da na aikin za ka yi lissafi.

Ka tura tayar gaba ta shige maƙalinta. Bel biyu na gaba kada ka rataya su a ƙarshen kan babur, don yana lanƙwashewa, robar hannu kuma tana zamewa. Ka zagaya su a ƙarfen da ya riƙe shakazoba biyun gaba a ƙasan fitila, ka kauce wa wayar birki da ta kuloci da na wuta. Su sauko gaba da gefe, a karkace, suna jan babur ɗin cikin maƙalinsa. Ka matsa na hagu kaɗan, ka koma na dama, kana yi kana duban babur ɗin ta gaba har ya miƙe cak, sannan ka ɗage jak ɗinsa. Babur ba ya tafiya a kan jak a tirela, rami ɗaya zai lanƙwasa shi ko ya huda shimfiɗar. Shakazobar gaba ta nutse kamar sulusi zuwa rabi. In ba ta nutse ba, da an faɗa rami za ta lotsa, bel ya yi sako-sako, ƙugiya ta fita. In kuma ka danne ta har ƙasa ka yi tafiyar awa uku, kana wahalar da sil ɗinta. Shi ya sa na fi son ƙugiya mai marfi, ko a zura bel ɗin ta cikin zobe. Biyun baya a jikin firam ɗin babur za su kama, aikinsu hana bayan tsalle zuwa gefe, ba sai an matse su kamar na gaba ba. Ka rufe makunnin mai, ka cire akwati da duk abin da iska za ta ɗauka, ka ƙulle jelar bel kada ta shiga taya. Kada ka lulluɓa tamfol, iska za ta riƙa kaɗa shi yana goge fenti. Da ka gama, ka kama kan babur ka girgiza: tirelar ce za ta motsa gaba ɗaya, ba babur shi kaɗai ba. Bayan kilomita goma na farko ka tsaya ka ƙara matsewa, don sabon ɗauri yakan saki.

A hanya, kada ka wuce 70 zuwa 80 ko da titi ya yi kyau, a burji kuwa ka sauko sosai. Ka ninka tazarar da ka saba bari. In ta fara kaɗa wutsiya, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari. Ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu, sannan ka tsaya ka gyara lodi. In motarka mai sauya giya da kanta ce, a hawa mai tsawo irin na hanyar Jos ka hana ta shiga giyar ƙarshe, don yawan hawa da sauka tsakanin giya yana dafa man giya, balle a zafin watan Afrilu. Baya da gajeriyar tirela sai an koya, saurin naɗewa gare ta. Ka je fili ranar da ba ka da aiki, ka sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa nan bayanta zai nufa. In ta ƙi, ba abin kunya ba ne ka sauke babur, ka cire ta ka juya ta da hannu. Ka kuma sa a kafa mata 'yan sanduna biyu masu ƙyalli a kusurwoyin baya, don in babu babur a kai ba za ka gan ta a madubi ba.

Kulawarta kaɗan ce, amma ba ta son mantuwa. Notin taya ka sake matse su bayan kilomita 50 na farko, da duk lokacin da aka cire taya. Notin da suka ɗaure sifirin da aksul ma haka, sabbi suna saki. Iska ka auna ta da safe taya tana sanyi. Tayar tirela ba ta cika sudewa ba, tsufa da rana ne ke kashe ta, saboda haka ka duba lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida ko gefenta ya fara tsattsagewa, ka sauya ko da zanenta yana nan. Ka ajiye tirelar a inuwa, bel kuwa a cikin ɗaki, don rana tana cinye zarensu. In shimfiɗar katako ce ka kula da gara. Ka sa mata sarƙa da kwaɗo, a gida da kuma inda za ka bar ta a ƙauye, ka damƙa ta a hannun mai unguwa ko wani da ka sani.

Boris shi ne abin da zan fi ja maka kunne a kai, saboda aikinka na damina ne. Duk inda ka tsaya, ka zagaya ka ɗora bayan hannunka a kan cibiyar kowace taya. Ɗumi ba komai. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ko ba ka iya barin hannunka a kai, kada ka ci gaba. Kuma ka sani, cibiya mai zafi in ta shiga ruwa mai sanyi, iskar cikinta tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Ruwa da giris in sun haɗu sai su zama kamar kunu, boris ya yi tsatsa a cikin mako biyu yana ajiye. In dole ne ka ratsa ruwa, ka ɗan jira ta huce.

In irin na Golf ka sa, ka kwance shi sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Ka cire marfi, ka zare 'yar kusar nan mai ƙafa biyu, ka kwance noti, ka wanke boris da kananzir ka bar shi ya bushe. Ka ɗaga shi a rana ka duba: in ka ga ƙananan ramuka, ko ya yi shuɗi-shuɗi alamar ya taɓa ƙonewa, ka sauya shi tare da zoben da yake gudu a kai, ba shi kaɗai ba. Wajen sa giris, ka ɗebo a tafin hannunka, ka riƙa danna faffaɗan bakin boris ɗin a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, kana juyawa har ka zagaye. Shafa masa a waje ba ya wadatarwa. Giris iri ɗaya za ka riƙe, kada ka gauraya, kuma ka sa sabon sil. Wajen ɗaurewa, ka matse notin kana juya tayar har komai ya zauna, sannan ka sassauta shi, ka mayar da shi da ɗan matsi kaɗan yadda tayar za ta juya sakayau ba tare da girgiza ba, ka sa sabuwar kusa. Boris ɗin da aka matse da sifana har ƙarshe ba ya kai ka Wudil bai ɗau zafi ba.

Ka sami gwangwanin madara mai marfi, ka sa boris na ciki da na waje da ka riga ka cika da giris, da sil ɗaya da kusa biyu, ka naɗe su a leda ka ajiye a but tare da bel ɗaya na ƙari da sifanar da ta dace da notin tayar tirelar. Ka gwada jak ɗin motarka a ƙarƙashinta tun a gida, don sau da yawa ba ya shiga, sai an haɗa da guntun katako.